Tankar Madara, Taragon Gyaɗa da Motar Kara: Jirgin Ƙasan da Bai Biyo ta Wudil Ba

 

Kwanakin baya wani ƙanena ya miƙo min wayarsa yana dariya, ya ce, "Yaya, zo ka ga abin da tsufa ke sa Bature." Bidiyo ne na wani dattijo, kai duk furfura, ya duƙufa a kan tebur da ɗan hantsaki a hannu, yana liƙa wani tsani da bai fi tsawon farce ba a jikin wata 'yar tanka. Ita kanta tankar ba ta wuce tsawon yatsana ba. Samfurin taragon jirgin ƙasa ne na ɗaukar madara, irin wanda aka daina aiki da shi a Ingila tun kafin a haifi ƙanen nawa. Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye muku ba. To amma da dare ya yi sai abin ya tsaya min a rai, saboda na tuna ni ma na sha yin irin wannan zama a ƙofar gidanmu nan Wudil, da reza da kara da gwangwanin madara, ana kirana cin tuwo ina cewa ga ni nan. Abin da ya raba ni da dattijon nan shi ne, shi ya san tsawon abin da yake kwaikwaya da faɗinsa har zuwa inci, ya san shekarar da aka ƙera shi da hanyar da yake bi. Ni kuwa in da za a tsare ni a ce in zana taragon da ya kwashi gyaɗar kakannina daga Kano zuwa Ikko, wallahi sai dai in yi kame-kame. Wannan ne ya sa na zaɓi mu duba tarihin abubuwan nan guda uku tare: tankar madara, jirginmu, da motar kara.

YADDA MADARA TA HAU JIRGI

A tsakiyar ƙarni na 19 yawancin madarar da mutanen Landan ke sha daga shanun da ke ɗaure cikin birnin take fitowa, a garkuna na lunguna. A shekarar 1865 ciwon bushiya, wanda makiyayanmu suka san shi sarai, ya faɗa wa shanun ya yi musu mummunar ɓarna. Wani mai sayar da madara, George Barham, wanda ya kafa kamfaninsa a 1864, shi ne ya fi kowa cin moriyar wannan giɓi: ya riƙa sayo madara daga ƙauyuka masu nisa, jirgin ƙasa na kawo ta birni cikin dare. Sunan kamfanin ma, Express, daga jirage masu sauri ya samo shi. Daga nan garkunan cikin birni suka yi ta mutuwa, ƙauye ya zama shi ke shayar da Landan.

Shekaru sittin da ɗoriya ana ɗaukar madarar a cikin manyan tuluna na ƙarfe masu cin galan 17, a jera su cikin taragu masu ɓula-ɓulai don iska ta riƙa ratsawa. Aiki ne mai cin mutane: a ɗora, a sauke, a wanke, a mayar da fanko. Sai a 1927 kamfanonin jirgin ƙasa biyu, GWR da LMS, tare da kamfanin madara na United Dairies, suka fito da tanka. An shafe cikinta da gilashi don kada ƙarfe ya ɓata madarar, an naɗe bayanta da abin da ke hana zafi shiga. Babu injin sanyi a jikinta. Tun a ma'ajiya ake sanyaya madarar kafin a ɗura, sai ta riƙe sanyinta har a isa. Tanka ɗaya takan ci galan 3,000, wato lita 13,600 da 'yan kai, abin da zai cika tuluna wajen 176.

Na farkon ƙafa huɗu gare su, kuma in jirgi ya ɗauki gudu sai su yi ta tangaɗi. Duk wanda ya taɓa ganin Bafulatana na kaɗa nono a gyanɗama ya san abin da jijjiga ke yi wa madara, ban da haɗarin taragon ya goce daga kan dogo. Saboda haka daga 1931 aka koma yin masu ƙafa shida, aka kuma mayar da tsofaffin haka kafin ƙarshen shekarun 1930. Wani abin mamaki shi ne, taragon masu shi biyu ne: tankin na kamfanin madara, gindin da ƙafafun na kamfanin jirgi. Shi ya sa za ka ga sunan mai madara ɓaro-ɓaro a jikin tankin, lambar reluwe kuma a ƙasa. In an cika shi nauyinsa kan kai tan 25 ko fiye, kusan nauyin taragon fasinja guda. Kuma da yake akan maƙala shi a bayan jirgin fasinja, sai aka yi masa birki irin nasu. Haka aka yi ta yi, daga yankunan kiwo na yammacin Ingila da Wales zuwa Landan, har manyan motoci suka ƙwace cinikin. A farkon shekarun 1980 jirgin madara ya tsaya cak.

DAGA WASAN YARA ZUWA AIKIN DATTAWA

Shi kuwa ƙaramin jirgi, kusan sa'an babban ne. Amma wanda ya sa masa ƙa'ida shi ne kamfanin Märklin na Jamus, wanda a bikin baje kolin Leipzig na 1891 ya nuna jirage da dogo masu tsayayyen faɗi, ta yadda abin da ka saya bana zai hau kan dogon da ka saya bara. A Ingila, wani akawu a birnin Liverpool mai suna Frank Hornby ya yi rajistar wasan haɗa ƙarafuna a 1901, wanda daga baya aka sani da Meccano. A 1920 ya fito da jiragen Hornby, a 1938 kamfaninsa ya fito da ƙananansu. Ku lura, Liverpool ɗin nan ita ce tashar da gyaɗarmu da fatunmu suka sha sauka.

Bayan yaƙin duniya na biyu roba ta yi araha, sai aka fara sayar da taragu a warwatse cikin kwali, mai saye ya haɗa da kansa. Kitmaster ya fara a 1959, Airfix ya sayi kayan aikinsa a 1962, wasu ƙananan kamfanoni irin su Ratio da Slater's suka riƙa yin nasu. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a Ingila shi ne kashi 1 cikin 76, wato kowace ƙafa ɗaya ta babban tarago milimita 4 ce a jikin ƙarami. A Amurka da sauran ƙasashen Turai kashi 1 cikin 87 aka fi bi. Masu son babba kuma suna bin 1 cikin 43 da rabi. Tankar madara mai ƙafa shida tsawonta ƙafa ashirin da ɗoriya ne, shi ya sa ta dattijon nan ta tsaya a wajen santimita 8.

Yadda aikin yake, sai mai haƙuri. Za ka yanko kowane ɓangare daga jikin robar da aka zubo su tare, ka goge bakinsa da ɗan magagari, ka gwada ba gam, sai ya zauna daidai sannan ka liƙa. Gindin ake fara haɗawa a kan gilashi ko wani abu mai santsi, don in ya karkace ko kaɗan ƙafa ɗaya za ta rataye, taragon ba zai zauna kan dogo ba. Ƙafafun tsakiya dole a bar musu 'yar sarari su riƙa motsawa hagu da dama, in ba haka ba taragon ba zai sha kwana ba. Sannan a ɗora tankin a kan matasansa, a ɗaure shi da maɗauran tagulla, a sa sandunan da ke tokare shi gaba da baya, da tsani, da murfin sama, da famfon sauke madara, da bututun birki. Taragon fasinja ya fi wannan ɗawainiya, don akwai kujeru da tagogi da mariƙan ƙofa, kuma wasu da fallen tagulla ake yin su, a lanƙwasa a like da dalma. Bayan fenti da rubutu, sai abin da ya fi ba ni mamaki: su ɓata shi da gangan. Za su sa masa tsatsa, da ƙurar birki, da farin zanen da madara ke bari in ta zubo daga murfi ta bushe. A wurinsu tarago mai sheƙi ƙarya ne, tunda ba a taɓa ganinsa haka a bakin aiki ba. Kuma kafin su yi duk wannan sai sun nemo tsohon zanen injiniya da hotunan taragon, wani lokaci har da lambarsa.

NAMU DOGON

To mu dawo gida. Jirgin da ya fara zuwa Kano ba daga Ikko aka faro hanyarsa ba. Daga Baro ne, a bakin kogin Kwara, zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan jirgin ƙasa ne ɗan Kanada. Hanyar ta bi ta Minna da Kaduna da Zariya, mil 350 da ɗoriya, dogo ya iso Kano a watan Maris na 1911 zamanin Sarki Abbas, aka buɗe shi ga jama'a a Afrilun 1912. A wannan shekarar aka haɗe shi da na Ikko suka zama hukuma ɗaya, kodayake a Jebba sai da aka riƙa yi wa taragu fito har zuwa 1916 da aka gama gada. Da hannu aka yi aikin, da diga da kwando, kuma ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa tara lebura. Kalmar "aikin diga" daga nan ta samo asali, har Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi ya yi waƙa a kai, wadda aka sani da Waƙar Diga. Faɗin dogon ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067, ya fi na Ingila ƙanƙanta, don an fi samun sauƙin kuɗi a haka.

Turawa auduga suka sa rai jirgin zai kwasa zuwa masaƙun Lancashire. Manomin Kano ya yi lissafinsa, ya ga gyaɗa ta fi kuɗi, ta fi sauƙin aiki, in kuma yunwa ta zo ana iya cinta. Fataken goro irin su Alhassan Ɗantata, waɗanda suka san ƙauyuka kuma suke da yaran da za su aika, suka shiga tsakani. Kafin ka ce kwabo, a 1913 gyaɗar da aka fitar ta kai wajen tan 19,000, tashar Kano ta cika ta batse. Dalar gyaɗa da muke alfahari da ita a hoto, in an bi ta asali alama ce ta ƙarancin taragu: kaya ne suka fi ƙarfin jirgi, musamman bayan yaƙin duniya na biyu, sai aka riƙa jibge buhuna ana jiran layi. A ƙarshen shekarun 1940 aka fara kawo sababbin kawunan jirgi daga Ingila waɗanda aka sa wa sunayen kogunan Nijeriya, a 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, a tsakiyar shekarun 1950 kuma masu aiki da man dizal suka fara shigowa suna maye gurbin masu cin kwal ɗin Inugu.

Wudil fa? Da aka tashi miƙa dogo gabas da Kano, sai aka bi ta arewa da mu: Jogana, Ringim, Gagarawa, Malam Madori, Birniwa, har Nguru a 1930. A 1929 an riga an kai wani reshen Ƙauran Namoda daga Zariya. Da aka zo yin na Maiduguri kuma, tsakanin 1958 da 1964, ta Bauchi da Gombe aka bi. Mu sai aka bar mu da kogi da titi. Malam Madori ta girma saboda tasha, mu kuwa kasuwa da mahayi suka raya mu. Gyaɗar ƙasar Wudil da Gaya a bayan jakuna da raƙuma take tafiya Kano, daga baya a manyan motoci. Shanun da aka yi ciniki a Kara ranar Juma'a, in na Kudu ne, ko dai a kora su a ƙafa ko a kai su bakin dogo a loda. Wato arzikinmu ya hau jirgi shekara da shekaru, mu kanmu da yawa ba mu taɓa ganinsa ba sai in an shiga birni an tsare mu a mararrabar dogo.

ME YA SA MADARARMU BA TA HAU BA?

Tambayar da na yi wa kaina ke nan. Ga shanu, ga jirgi, ga manyan birane a ɗaya bakin, amma dogonmu bai san jirgin madara na kullum irin na Landan ba. Tankokin da aka saba gani a kansa na fetur da kananzir ne masu zuwa daga teku.

Dalili na farko zafi ne. Madarar da aka tatsa da safe a nan, in ba a sanyaya ta ba, kafin la'asar ta juya. Tankar Ingila ta yi aiki ne saboda akwai ma'ajiyar sanyi a bakin tasha, kuma tafiyar dare ɗaya ce. Kano zuwa Ikko mil 700 ne, tafiyar da ta fi kwana guda. Na biyu, garken Bature a wuri ɗaya yake rani da damina, namu kuwa yana bin ciyawa da ruwa, kuma saniyarmu abin da take bayarwa bayan ɗan maraƙi ya sha bai taka kara ya karya ba. Kafin ka tara lita 13,600 kullum a wuri ɗaya sai ka karaɗe rugage masu ɗimbin yawa. Na uku, kuma shi ne ya fi muhimmanci a ganina, iyayenmu mata Fulani sun riga sun warware matsalar ta hanyarsu tun kafin jirgi ya zo. Ba sa gudun tsami, da shi suke aiki. Su bar madara ta kwana ta zama kindirmo, su kaɗa su cire mai, su ɗauko ƙwarya zuwa kasuwa. Nono ya fi ɗanyar madara jure zafi, man shanu kuma in an soya shi yakan yi watanni. Ƙwaryar da ke kan Bafulatana ita ce tankarmu, kuma kuɗin na shiga hannunta kai tsaye.

Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗan gwada. Ma'aikatar dabbobi, wadda ta koma Vom a 1924, ta riƙa sayen madara a wurin makiyaya ana raba ta da manta da injin hannu, kuma lokacin yaƙin duniya na biyu, da kayan Turai suka yi wuya, man shanun Vom ya yi suna. Amma abin bai zama ruwan dare ba. Abin da ya faru a ƙarshe juyin waina ne: maimakon jirgi ya kai madararmu Kudu, sai ya riƙa kawo mana ta gwangwani daga Turai. Peak ta shigo Nijeriya a 1954. Har gobe mai shayin da ke bakin Kara, a tsakiyar dubban shanu, gwangwani ko ƙullin gari yake fasawa.

GWANGWANIN DA YA ZAMA TANKA

A nan ne labaran biyu suka haɗu a hannun yaro. Wannan gwangwanin da ya kori madarar gida daga teburin mai shayi, shi muke tsincewa mu yi tanka da shi. Langa-langar da muke lanƙwasawa da dutse mu yi mota, asalinta maɗaurin dilolin kaya ce, irin waɗanda jirgi ke saukewa a kanti. Ba mu sani ba, ashe da ragowar cinikin jirgi muke wasa.

Wanda ya tashi kafin zuwan waya ya san kaka ita ce lokacin motar kara. An girbe dawa, kara ya bushe. Sai ka zaɓi miƙaƙƙe, ka feƙe ɓawon sala-sala da reza, wanda ba shi da reza ya sa haƙori, yatsa kuwa ba ya rabuwa da yanka. Totuwar ita ce katako, ɓawon shi ne ƙusa. Taya daga sakaina ko tsohon silifa, fitila daga murfin kwalba, sitiyari kuma dogon kara ne da kake riƙewa kana tafe. Kuma ba mota kawai muke yi ba, mota takamaimai muke yi. Wannan tifar yashi ce irin mai sauka bakin kogi. Wannan gingimari ce ta shanu, da katakon da ake gicciyawa a sama inda 'yan rakiya ke zama. Wannan a-kori-kura ce. In ka manta tsani ko madubi ko safayar taya, sa'o'inka za su yi maka dariya su ce wannan ba ita ba ce. Yanzu ku gaya mini, mene ne bambancin wannan da abin da dattijon bidiyo ke yi?

Abin lura shi ne mu yaran Wudil ba ma yin jirgi. Sai da aka kai ni hutu Ringim na ga 'yan uwana sun jera gwangwanayen kifi da kwalayen ashana sun ɗaure da zare, suna ja suna kukan jirgi da baki. Yaro abin da ya gani yake ƙerawa. Inda dogo ya bi, ya shiga wasan yara. Inda bai bi ba, ko a mafarki babu shi.

ABIN DA KE SHIRIN ƁACEWA

Akwai wani mutumin Ostareliya, Roye England, da ya je Ingila a 1925. Ya ga ana rushe tsofaffin gidajen ƙauye masu rufin ciyawa ana sake musu kama, sai ya shiga bin su da ma'auni da littafi, yana aunawa yana ƙera ƙananansu. Daga wannan aiki gidan tarihi na Pendon ya samu a 1954, inda aka gina kwarin ƙauye guda da jiragensa a kan kashi 1 cikin 76, kamar yadda yake a shekarun 1920 da 1930. Gidaje da yawa da ya auna babu su yanzu, sai a cikin samfurin. Wato abin da muke kira wasa ya zama shaida.

Mu kuwa motar kara ba ta wuce shekara. Gara da damina sun isa. Ba a auna komai ba, ba a ajiye komai ba. Wannan ba laifin yara ba ne. Amma manyan abubuwan su ma suna bin sahu. Gyaɗa ta faɗi bayan farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta same ta a 1975, dala ta ɓace, titi ya cinye kayan jirgi. An farfaɗo da jirgin fasinja na Ikko zuwa Kano a Disambar 2012, a 2016 ma an gwada ɗaukar shanu daga Gusau zuwa Ikko, amma kowa ya san ƙarfin ƙasa yanzu ya koma kan sabon dogo mai faɗin milimita 1,435. Na Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da na Kano zuwa Maraɗi, mai reshe zuwa Dutse ta wajen Gaya, a Yulin shekarar kuma na Kaduna zuwa Kano. In Allah ya nufa aka gama, karon farko ke nan da jirgi zai yi kuka a wannan shiyya tamu, bayan shekara ɗari da ɗoriya. Abin murna ne. Sai dai tsohon tarago ba ya hawa sabon dogo. Waɗanda ke jibge a Kano da Zariya ciyawa ta fito a cikinsu, kuma duk mun san inda tsohon ƙarfe ke ƙarewa a ƙasar nan. Tsofaffin direbobi da gadi-gadi da masu ba da hannu, waɗanda suka san wane tarago ne na shanu, wane ne na gyaɗa, yadda faskila take da yadda gama-gari yake, kullum raguwa suke yi. A Ebute Metta akwai ɗan gidan tarihin jirgi a gidan Jaekel, wanda aka sa wa sunan Francis Jaekel, tsohon ma'aikacin reluwe da ya rubuta tarihinta cikin littattafai uku. Mu da kayanmu suka riƙe jirgin, me muka tanada?

Ko da kana da kuɗin sayo kwalin haɗi daga waje, taragon Ingila ko na Jamus za a aiko maka. Hatta dogon ba zai yi daidai ba: wanda aka fi sayarwa faɗinsa milimita 16.5 ne, alhali tsohon namu a kan kashi 1 cikin 76 milimita 14 ya kamata ya zama. Masu wannan sha'awa a Afirka ta Kudu da New Zealand, waɗanda dogonsu faɗinsa ɗaya da namu, dabara suka yi: wasunsu suka koma kashi 1 cikin 64, inda milimita 16.5 ɗin ke zuwa kusan daidai. Namu dai ba wanda zai ƙera mana shi sai mu.

Kuma abin bai fi ƙarfinmu ba. Mataki na farko ba ya buƙatar gam ko fenti: a nemi izinin hukumar tasha, a je da tef na awo da waya. A ɗauki kowane tarago ta gaba da baya da gefe biyu, a auna tsawo da faɗi da tsayi da tazarar ƙafafu, a ɗauki hoton farantin ƙarfen da ke jikin gindinsa, don a nan akan samu sunan maƙera da shekara. A zauna da tsoffin ma'aikata a naɗi muryarsu. Wanda zai ƙera, ina ba shi shawarar kashi 1 cikin 50, saboda lissafinsa ba ya buƙatar kalkuleta: kowace mita santimita 2 ce, tarago mai mita 12 ya zama santimita 24, faɗin dogo milimita 21. Gwangwani da kwali da waya da guntun bututun roba sun isa. Masu like da dalma da ke yin aci-balbal da mazurari a kasuwanninmu sun fi ƙarfin wannan aiki. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a cikin garin nan tun 2001, cike da ɗaliban injiniya masu neman aikin kammala karatu. In aka samu jerin taragu goma da aka auna da gaske, da 'yar dalar gyaɗa a gefe, da jaki da mangala, da Bafulatana da ƙwaryarta a bakin tasha, ina ganin ko Gidan Makama aka kai ba za a ji kunya ba. Balle ga shi Makama, a bisa al'ada, shi ne hakimin Wudil.

Ƙanena da ya kawo bidiyon yanzu shi ke tambayata ko hannuna bai manta motar kara ba. Na ce masa ya bari a yi girbi mu gani.

Kafin nan, ina da roƙo ga 'yan zaure. Wanda ya taɓa shiga jirgin Nguru ko na Ikko, ya gaya mana shekarar da yadda cikin taragon yake. Wanda mahaifinsa ko kakansa ya yi aikin reluwe, ya tambayo mana shi tun yana da rai, in akwai tsohon hoto ko tikiti a cikin adaka a ɗauko mana. Wanda kuma ya ga na yi kuskure a wani wuri, ƙofar gyara a buɗe take.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka yi aikin diga da waɗanda suka noma abin da jirgi ya ɗauka. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.